Duwatsun Mai Sikeli

A darensa na farko a gidan hayar, bayan sallar isha'i, ya ji wani sauti ta bango. Ba ƙwanƙwasa ba ce, ba kuma ɓera ba ne. Shuu, shuu, shuu, sai a tsaya, sai wani ƙarfe ya sauka a kan siminti, sai a sake daga farko. Ya kara kunnensa a bango har wuyansa ya gaji. Sau biyar ƙarfen ya sauka, sannan aka yi shiru.

Saurayi ne, sabon ma'aikaci a ofishin da ke duba sikeli da ma'auni a kasuwa. Tun ranar da ya tare 'yan gidan suka sa masa Sufeto, ko da yake muƙaminsa bai kai nan ba.

Da safe ya tarar da wata budurwa a bakin famfo tana wanke wani tsumma da ya yi baƙi ƙirin.

"Ina kwana. Don Allah, ɗakin da ke jikin nawa, mutum ne a ciki ko aljani?"

Ta ɗago ta dube shi. "Aljanin da kake faɗa babana ne."

Ya rasa inda zai sa kansa. Ta rufe baki da bayan hannu tana dariya, kumfa na gangarowa ta gwiwar hannunta. A nan ya ji ƙirjinsa ya yi wani abu da bai saba yi ba.

"Duwatsun sikelinsa yake gogewa," ta ce. "Kullum. Shekara talatin bai taɓa fashi ba."

"Da me yake goge su?"

"Da toka da soson ƙarfe. Sai ka ga fuskarka a jiki."

Murmushinsa ya dushe, amma ba ta lura ba. Abin da ya sani a wurin aiki ita ba ta sani ba: ƙarfe ma yana ƙarewa. Kowace guga tana tafiya da ɗan garin da ido ba ya gani, dutsen kilo yana nan da sunansa na kilo, alhali ya rame.

Mahaifinta, Mai Sikeli, yana da shago a kwanar layin, yana sayar da shinkafa da sukari da wake da fulawa. Duwatsunsa biyar na tagulla gadon mahaifinsa ne. A unguwar, idan ana son a ce mutum mai gaskiya ne, da shi ake misali. Akwai ma wani makaho da yakan wuce shaguna uku ya zo nasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun watse, Auta kaɗai ta rage masa, tana aikin sa maɓalli a shagon wani tela.

Daga gaisuwar famfo aka koma zama a kan bencin tsakar gida, daga benci aka koma waya, duk da bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ya rubuto mata: "Hasken gidan nan, yau ban gan ki a famfo ba. Na cika bokiti na zubar har sau biyu."

Ta mayar masa: "Maƙwabcina, ka daina ɓarnar ruwa. Ina leƙen ka ta labule tun bokitin farko."

Wata yamma ta ɗauki littafin aikinsa mai shuɗin bango, ta sa yatsa a kan kalmar Turancin da ke samansa.

"Wannan doguwar fa, me take cewa?"

"Regulashan. Ƙa'ida ke nan, dokar da hukuma ke tafiyar da aiki a kanta. Daga tushenta Turawa suka ciro sunan abin nan na bango da ake rage gudun fanka da shi, da kan tukunyar gas. Duk abin da zai hana abu ya wuce iyakarsa, ko ya gaza ta."

"To kai wa ke rage maka gudu?"

"Ke mana."

Ta buga masa littafin a kafaɗa. Daga cikin ɗaki gugar ta fara. Ya kasa kunne yana ji, kamar a jikinsa ake yi.

Ya rasa yadda zai faɗa. Sai ya sayo sababbin duwatsu masu hatimi, ya kai wa dattijon a kwali, ya durƙusa.

"Baba, ga ɗan tsaraba."

Mai Sikeli ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya mayar da murfin.

"Nawa sun yi maka laifi ne?"

"A'a, Baba. Sai dai guga tana cin ƙarfe, da za a..."

"Yaro, da waɗannan mahaifina ya ciyar da mu. Ba ka zo duniya ba nake goge su. Abin da ake tsabtacewa ba ya cutar kowa. Ɗauki kayanka, Allah ya yi maka albarka."

Sati uku bayan haka sunan layinsu ya fito a jerin wuraren da za a duba. Ya roƙi shugabansa ya tura wani. Shugaban ya ce hannu ya yi kaɗan, ya ɗauko akwatin gwaji su tafi.

Mai Sikeli ya tarbe su da fara'a, shi da kansa ya jero duwatsun a kan kanta suna ƙyalli. Mutane suka taru, don a ga yadda hukuma za ta yaba masa. Sufeto ya ɗora dutsen ofis a gefe ɗaya, na dattijon a ɗaya gefen. Na dattijon ya yi sama. Ya sake. Ya yi sama. Duk biyar ɗin haka.

"Me ka samu?" in ji shugaban, biro a hannu.

Auta na tsaye a bayan taron da allura a jikin mayafinta. Ya gan ta. Ya dubi ƙasa.

"Ba su cika ba, ranka ya daɗe."

Aka kwashe duwatsun, aka manna takarda a ƙofa, shago ya rufu na wata guda. Wata mata a cikin taron ta ce, "Ashe!" Kalma ɗaya ce, amma ita ce ta bi dattijon har gida.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ni na gaya maka da bakina, a bakin famfo. Ashe aiki ka zo yi. Kada ka ƙara kirana da wani suna."

Ya rubuta: "Wallahi ban taɓa kai maganar ofis ba. Na so in tare abin, ban iya ba. Da na ce sun cika, da na yi ƙarya a gaban mutumin da bai taɓa yin ta ba." Saƙon ya nuna an karanta.

Mai Sikeli ya daina fita, sallah ma a ɗaki yake yi. Gwaggon Auta ta zo ta zauna da su, ta ce muddin tana numfashi mai tona asiri ba zai shigo zuriyarsu ba. Dattijon ya aika aka gaya wa Sufeto ya cire 'yarsa daga ransa.

Ɗan mai gidan hayar, wanda ya daɗe yana tare Auta da mota a hanyar shagon tela, ya ga hanya ta buɗe. Shi ya yaɗa cewa da gangan Sufeto ya kama wannan ɗakin don ya saurara. Ranar Asabar ya shigo ɗakin dattijon da turare yana tashi, ya zauna a kujera ba a ce ya zauna ba.

"Baba, kwantar da hankalinka. Ina da mutum a ofishin. Takardar za ta ɓata, duwatsunka su dawo, ka ci gaba da awonka kamar ba a yi ba."

"Da duwatsun nan dai?"

"Da su mana. Wa zai sani?"

Dattijon ya dube shi. "Tashi ka tafi, ɗana. Ka gaida mahaifinka."

Bayan ya fita, dattijon ya juyo wajen Auta.

"Auta, kin ji? Wai wa zai sani." Ya share ido da hannun riga. "Shekara talatin ban sani ba. Makahon nan da yake wuce shaguna uku, me zan ce masa gobe a gaban Allah?"

"Baba, ba da gangan ka yi ba."

"Cikinsa bai san da gangan ba."

Washegari ya sa takalmi, karo na farko cikin kwana goma sha biyu, ya taka taku huɗu zuwa ƙofar maƙwabcinsa. Sufeto ya buɗe, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zube ƙasa.

"Tambaya ɗaya na zo yi maka. Ranar da ka kawo kwalin nan, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa mini ƙarara?"

"Tsoron kada in rasa ta."

"To a gaban shagon me ya hana ka yin shiru? Tana tsaye, ka gan ta."

"Ba zan iya yin ƙarya a gabanka ba, Baba." Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, kamar amsar da ya zo nema ke nan.

"Ka turo manyanka."

Auta na bayan labule ta ji komai. Ba a daɗe ba wayar Sufeto ta yi ƙara: "Maƙwabcina, na zalunce ka. Ka ci abinci kuwa?"

Ya amsa: "Yanzu zan ci, Hasken gidan nan."

Aka ɗaura aure wata biyu bayan haka, ranar da aka wuni ana yayyafi. Wa'adin shagon ya cika tuni, amma Mai Sikeli bai koma ba. Ya miƙa makullin ga ɗan ƙanensa, ya ce hannunsa ya daina yarda da kansa. Ofis kuma ya mayar da ango wani gari mai nisa, don haka a ranar za a tafi da amarya.

Gwaggo ta rako ta tana kuka, tana faɗa wa ango, "Ka riƙe ta amana, ka ji ko, sarkin gaskiya." Auta ta durƙusa gaban mahaifinta ta riƙe ƙafarsa ta ƙi saki. Ya ɗora hannu a kanta, ya ɗora ɗayan a kan mijinta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. In ka ga ta karkata, ka faɗa mata a ɗaki, tun da wuri. Ke ma haka."

Aka ce amin. Mota ta tashi, ta sha kwana ta gaban shagon, ta ɓace. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa cikin yayyafi har kafaɗunsa suka jiƙe, sannan ya shiga ya turo ƙyaure.

Mata na tattara tabarmi a tsakar gida. Matar wani direba, wadda ɗakinta ke kallon na dattijon, ta tsaya da tabarma a hannu tana duban rufaffiyar ƙofar.

"Wai ni kam," ta ce, "yafe wa Sufeto ya yi, ko dai gajiya ya yi?"

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki buta. Sauran suka ci gaba da naɗe tabarminsu.