Sabis a Ranar Hadari

A saman rufin gidansu Fiddausi ta fara ganin Zaidu. Yana tsaye ya ɗaga waya sama, yana juyawa a hankali kamar mai neman alƙibla. Bayansa tafkin Kainji ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, rana na ta walƙiya a kansa.

"Malam, mi kake nema a sama?" ta tambaya.

Ya sunkuyo ya dube ta, sai hannunsa ya sauko da kansa.

"Sabis nake nema, ranki ya daɗe. Ashe a ƙasa ya kamata in duba."

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta ta shige ɗaki.

Fiddausi ɗiyar Baba Magaji ce, mai jiragen ruwa da ke kai mutane ƙauyukan ƙetare daga Wara. Tun da ta gama kwaleji a Yelwa ta ɗora wa kanta aiki guda: ta duba hasashen yanayi a intanet, ta tura wa matuƙa saƙon murya kafin su tayar da inji. Wayarta kuwa sai an hau tudu take kamawa. Shi ya sa aka kira Zaidu, ɗan makiyaya daga Shanga, wanda ke haɗa wa mutane intanet a gidaje.

Da ya sauko ya durƙusa gaban Baba ya yi bayani.

"Baba, akwai kamfani mai araha, yana gudu sosai in gari na lafiya. Amma turkensu na sabis ɗaya ne a nan, in wuta ta ɗauke shi ma sai ya kwanta. Akwai na faranti mai kallon sama, ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma ruwa mai yawa yana girgiza shi. Ni dai in don rayukan mutane ne, a ɗauki matsakaici, a ƙara layin wani kamfani na ajiya, da batirin sola."

Fiddausi na bayan ƙofa tana ji. Ba bayanin ne ya kama ta ba, yadda ya ce rayukan mutane ne, muryarsa ta yi ƙasa.

Baba ya ce zai yi shawara. Kafin la'asar saƙo ya shigo wayarta:

"Gimbiyar tafki, a wurin ƙanen Baba na roƙi lambarki. Na hau rufi da yawa a ƙasar Yauri, ban taɓa jin ƙafata ta yi rawa ba sai yau."

Ta karanta har ta haddace, sannan ta amsa:

"Ɗan Fulani, ka riƙa riƙe tsani da kyau. Akwai mai yi maka addu'a."

Haka suka shaƙu. Yakan zo zance su zauna gindin mangwaron ƙofar gida, ta koya masa sunayen kifaye, shi ya ba ta labarin mashekari da shanun kakansa.

Sai Almustapha ya shigo. Ɗan aminin Baba ne, wakilin kamfanin nan mai araha. Ya kafa musu rauta, na'urar intanet ta gida, kyauta, ya kuma turo magabatansa.

"Ɗiyata," in ji Baba, "wanga yaro Zaidu ɗan tudu ne. Bai san ruwa ba, bai san mu ba. Ba zan tilasta ki ba, amma hankalina bai kwanta da shi ba."

Almustapha kuma ya same ta a tsakar gida ya ce, "Kin san abin da ya sa Zaidu yake cewa layi biyu? Kamasho biyu yake ci. Kuma kowane gida ya shiga sai ya samu gimbiya."

Maganar ta soke ta. Ta daina ɗaga kiran Zaidu. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne:

"Gimbiya, ban san laifina ba. Ko ba ki aure ni ba, don Allah ki sa a ƙara layin ajiya kafin damina ta kankama."

Ta yi kuka, amma ba ta amsa ba.

Ranar kasuwar Wara, bayan azahar, jiragen Baba sun cika da mata da yara da buhunan shinkafa. Gabas ta ɗan yi duhu, irin wanda sau da yawa iska ke watsewa da shi. Fiddausi ta zauna za ta duba taswirar hadari, sai wuta ta ɗauke, fitilar rauta ta koma ja duk da batirin da aka jona mata. Wayarta ma shiru. Ta aika a kira Almustapha, ya zo yana share gumi.

"Turken ne ya tsaya. Sai injiniyoyi sun zo."

Ta fita da gudu ba ta san mi za ta ce wa Baba ba. A bakin hanya ta yi kiciɓis da babur. Zaidu ne, daga wani aiki a Ngaski, ya ga hadarin da ke tahowa ya juyo. Bai yi gaisuwa ba. Ya ciro ƙaramar na'urarsa daga jaka, layi ɗaya ya ƙi, ya juya ɗayan, ya miƙa mata waya.

"Ke kika iya karantawa. Duba."

Wani jan dunƙule ne a taswirar, ya fi tafkin faɗi, yana rarrafowa.

A mashigi Baba na tsaye yana shinshinar iska, shi ma zuciyarsa biyu. Ya dubi wayar, ya dubi fuskar ɗiyarsa.

"A ɗaure jirage!" ya daka tsawa. "Kowa shi sauka!"

Fasinjoji suka yi ta gunaguni. Fiddausi ta tura saƙon murya ga matuƙan ƙetare, ta ga ya tafi.

Sannan aka ga ikon Allah. Tsuntsaye suka yi tsit. Ruwan tafkin ya koma baƙi ƙirin, daga nesa wani farin bango ya taso tun daga ruwa har sama, ya haɗiye tsibirai ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ruwa ta riƙa ɗaga jiragen da ba kowa ciki tana makawa kamar ɓawon gyaɗa. Masu gunaguni suka koma salati. Wata tsohuwa ta rungume jikanta tana kallon wurin da suke zaune ɗazu ya cika da ruwa. Fiddausi a bakin tafkin nan aka haife ta, amma ba ta taɓa jin ƙanƙantar ɗan Adam kamar ranar ba.

Da gari ya lafa aka yi ta kiran ƙetare. Ba jirgin da ya tashi. Ba wanda aka rasa.

Ta sami Zaidu a rumfar masunta, jiƙe sharkaf.

"Almustapha ya ce kowane gida kana da gimbiya, na yarda ban tambaye ka ba," ta ce. "Ka yafe mini."

"Gimbiya ɗaya na sani," ya ce, "kuma ga ta tana rawar sanyi."

Baba da ya biyo bayanta ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa Zaidu.

"Yaro, ka ce wa mutanenka na Shanga su taho."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Matuƙa suka jera jiragensu a bakin gaɓa suna kaɗa filafilai, dangin ango suka iso da ƙoren nono a kai, masunta da makiyaya suka ci tuwon shinkafa a akushi ɗaya.

Da za a fita da amarya, mahaifiyarta Inna Indo ta kama hannunta ta damƙa wa gwaggon Zaidu, hawaye na zuba.

"Ga amana nan. Allah shi sanya albarka, shi ba su zuri'a ɗayyiba, shi tsare su tudu da ruwa."

Gida ya amsa da amin, guɗa ta tashi har ƙetaren tafki.