Wuƙar Barmo a Wuyan Mushe

Ku ajiye tsiren nan tukuna. Wanda ya ci gaba da tauna, shi ya jiyo.

Barmo mahauci ne a Tungar Kanya. Ana gobe ɗaurin auren ƙanwarsa Delu, ya riga ya bugi ƙirji gaban dangin ango cewa naman biki a wuyansa yake, sa guda, ba akuya ba. Ya je ruga ya janyo jan sa, ya biyo hanyar kwari shi kaɗai, da rana tsaka, lokacin da duk mai hankali ke neman inuwa.

A bakin wata gona da aka girbe ya ɗaure san, ya gangara rafi don alwala. Bai dubi ƙasa ba. Ashe gyauron dawa ne ya tsiro a wurin, ɗanye shar, irin wanda ke kumbura dabba. Kafin ya hawo, sa na kwance, ciki kamar ganga, kumfa na dalala daga baki.

Ya zaro wuƙa a guje. Ya taɓa idon san da yatsa. Bai ƙifta ba. Ya murɗa wutsiya. Ko motsi. Ƙudaje har sun fara layi a hanci.

Mushe.

"Sannu da hasara, Sarkin Fawa."

Wani tsoho ne tsugune bisa kututture. Barmo bai ji zuwansa ba. Leɓɓansa kan gama motsi, sannan maganar ta biyo baya. Ƙafafunsa kuwa, duka biyun na hagu ne.

Barmo ya nemi a'uziyya, harshe ya ƙi tashi.

"Jikin da sauran ɗumi," in ji tsohon. "Sa wuƙa. Jini zai fito, ko kaɗan ne. Wa ya gani?"

"Allah ya gani, Baba."

Tsohon ya leƙa sama, ya leƙa bayan kututture, kamar mai cigiyar kaza. "Ina yake? Kira shi. Ba sauri nake ba."

Ba iska. Ko kukan tsuntsu babu.

"Ka ji ko? Na daɗe a duniya, ɗan nan. Na zauna da Yahudawa can ƙetaren hamada. Su ma ba sa cin mushe, wuƙarsu ko ɗan gibi ba a yarda ta yi ba. Malamansu sai su kwana gardama kan wannan shirun. Wai da gangan Allah ya ɓoye fuskarsa. Wai da ana ganinsa ido da ido, ko kura sai ta yi azumi, to ina abin yabo a nan? Wai ya sakaya kansa ne don ɗan Adam ya zaɓa da kansa." Ya tofar da yawu, baƙi ƙirin. "To ga fili an bar maka. Zaɓi mu gani."

Barmo ya dubi wuƙar da ke hannunsa.

Sai tsohon ya karkace baki, muryar uwar ango ta fito tsaf, har da maganar hancinta: "Oh ni jikar mutum huɗu! Wai sa guda! Ashe miya lami za mu sha, jama'a ku zo ku ga surukan arziki!"

Ya sake murguɗa baki. Yanzu Delu ce, tana shessheƙa: "Yaya, da wane ido zan dubi mutanen gidan nan?"

Gumi ya karyo wa Barmo. Ya ɗaga kai sama. "Ya Rabbi, alama. Ko 'yar ƙarama. In ka nuna, wallahi na bar shi ga ungulu."

Ya jira. Ƙudaje kawai ke ƙara.

Ya durƙusa ya sa wuƙa. Bismillar ta maƙale masa a wuya. Jinin bai yi tsartuwa ba, ya dai gangaro a hankali, baƙi, mai kauri, kamar kunun da ya kwana. Wata iska ta fito daga maƙogwaron san, fuuu, ta doki fuskarsa.

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta iso a makare.

"Alama ka roƙa. Allah ya hana ka, don ya ɗauke ka mutum mai zaɓin kansa. Ni zan ba ka, kyauta."

Ya tsoma yatsa cikin kumfar bakin mushen, ya shafa wa Barmo ƙarƙashin hanci. Sanyi ƙalau. Kafin Barmo ya goge, babu kowa bisa kututture.

Aka yi biki. Tukwane suka tafasa. Kowa na cewa ƙamshi, Barmo na jin warin abin da ya kwana uku a rana. Uwar ango ta tsotsi ɓargo, ta lashi yatsa har gwiwar hannu. "Barmo, naman nan laushi! Allah ya yi albarka!" Ya ga maiƙo na naso a haɓarta. Ya ga an tauna wa jariri an tura masa a baki. Ya zaga bayan katanga ya yi ta amai har ya ji ɗaci.

Tun daga ranar, da ya yi niyyar ƙarya, sai warin mushen ya taso masa. Da ya so cusa wa mai saye ƙashi a ƙarƙashin tsoka, sai warin ya taso. Ko a zuci ya zagi mutum, sai ya ruga bayan gida. Ya zama mahauci mafi gaskiya a ƙasar. Mata na aiken yara wurinsa ido rufe. Har waliyyi ake ce masa.

Duk wanda ya yabe shi, sai Barmo ya tofar da yawu. Matarsa ta taɓa tambayarsa dalili.

"Ke, bari," ya ce. "Akuyar da ke ɗaure ba a yaba mata don ba ta shiga gona ba. Ko tuban da nake yi, ban san ko Allah nake tsoro ko amai ba."

Saboda haka, hanyar kwari da rana tsaka, kada wanda ya bi ta shi kaɗai. In kuma ƙaddara ta kai ku, kuka ɗaga kai kuka ji sama shiru, kada ku roƙi alama. Akwai mai saurare a kusa, kuma shi ba ya hanawa.