Tsohuwa a Gonar Inabi

Tun zamanin marigayi mahaifin manomin ba a fesa maganin ciyawa a gonar inabin nan. Kashin shanu ake cusawa a ƙaho a binne don ƙasa ta yi ƙarfi, ciyawa kuwa sai fartanya. Amma bana ciyawa ta fi ƙarfin manomin. Ya sayo magani a ɓoye, ya jira duhu don kada ƙannensa su gani.

Yana saɓa tankin feshi a baya, kukan gyare ya ɗauke ɗif. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Tsakanin layukan inabi ya hango wata tsohuwa a duƙe tana cirar ciyawa.

"Sannu, Iya. Wa ya sa ki aiki a nan?"

"Babanka," ta ce, muryarta kamar daga cikin rijiya. "Yana ciyar da mu, muna raya masa gona. Kai kuma me ka goyo mana?"

Ya haska ƙafafunta da tocila. Daga ƙwauri zuwa ƙasa saiwa ce, ta nutse daidai inda marigayin ke binne ƙaho.