Shida Saura Minti Ɗaya

Gab da magariba Malama ta koma ɗakin gwajin aikin jarida don ɗauko tabaranta. A nan take horar da ɗaliban jami'a kamar a gidan jarida na gaske: ta raba aiki, su fita neman labari, su miƙa kafin ƙarfe shida. Dokarta ɗaya ce, ba sani ba sabo. Shida na bugawa take kulle ƙofa.

Ko Auta, 'yar yayarta da ta raina tun tana zanin goyo, ba ta ɗaga mata ƙafa ba. Sati uku da suka wuce yarinyar ta bugo waya daga bakin kasuwa, ta ce mota ta yi wuya. Malama ta ce, "Shida dai shida ce." Auta ta hau babur, aka yi hatsari, ta rasu ba ta iso ba. Tun ranar baƙin ciki ke cin Malama, ko agogon bango ba ta iya kallo.

Ta tura ƙofa. Ɗakin na warin tawada da tsohuwar takarda. Kujeru ashirin, ba kowa. Sai ta ji ana buga rubutu a teburin ƙarshe, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da yatsa biyu, irin bugun Auta da take yawan tsokanarta a kai.

Kwamfutar kuwa a kashe take.

Warin fetur da ƙonanniyar taya ya taso. Firinta ta yi tari, ta tofo takarda ɗaya.

Malama ta ɗauka. Labarin hatsarin babur ne, tsaf, da wuri da lokaci da shaidu biyu. An bar gurbin sunan mamaciyar, don ita ta koya musu ba a buga suna sai an sanar da dangi.

Sanyi ya taɓa ƙeyarta.

"Malama," aka raɗa, "na makara?"

Ta kasa juyawa. Ƙofa ta fara rufe kanta a hankali.

"Inna, na makara?"

A ɗakin nan Auta ba ta taɓa ce mata Inna ba. Malama ta ɗaga ido ta dubi agogon. Shida saura minti ɗaya.

"Ba ki makara ba, 'yata. Na karɓa."

Ƙofar ta tsaya, saura kaɗan ta rufe. Malama ta kutsa ta faɗi a baranda, a nan maigadi ya tsince ta tana kuka.

Washegari ta sa aka cire makullin ƙofar. Takardar na cikin jakarta, ta sa mata hannu da jan biro. Gurbin sunan ne har yau ta kasa cikewa.