Ɗakin Da Zunnuraini Ya Ƙi Saki

Magariba ta kawo kai, Mutmainna na bakin murhu tana taya innarta Hasiya tuwo, littafi a cinya. Karatun kwamfuta take yi a Katsina, kuma abu ba ya zama a kanta sai ta faɗa wa wani. Ta ce manhaja biyu kan buɗe ɗaki ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowacce ta manne da shi. Abin da ɗaya ta ajiye, ɗayar ta gani nan take. Wadda ta gama sai ta saki. Amma ko an ce a rushe ɗakin, yana nan daram sai ta ƙarshe ta sake shi.

Hasiya ta ce ita dai tuwonta ta sani. Mahaifin yarinyar, Alhaji Rabe, yana alwala, sai ya tsaya cik da buta a hannu.

A nan ne dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Kaji suka yi tsit. Mutmainna ta saki muciya, idanunta suka kafe, ta fara lissafo hanyoyin jeji na ƙetaren iyaka da muryar namiji: inda 'yan sintiri suka tsaya, inda mota za ta ratse. Yarinyar da ko Maraɗi ba ta taɓa zuwa ba.

Kullum da faɗuwar rana haka. Ta rame, ta fara manta sunan innarta. Rabe ya san abin, amma kunya ta ɗaure masa baki. Shekarun baya, shi da ƙanensa Zunnuraini, mazaunin Nijar, sun yi fasa-ƙwauri da taimakon wani aljani: abin da ɗaya ya gani a can, ɗaya ya sani a nan. Da suka tuba, tare suka dafa Alƙur'ani suka sallame shi.

Aka ɗauko Malam Yahya daga Bugaje. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin muryar ta amsa, a gajiye.

"Ni ban zo ba, Malam. Riƙe ni aka yi. Rabe ya saki, ƙanen nashi bai saki ba. Sai da ido biyu nike aiki, ɗaya nan ɗaya can, shi ƙanen ya ba ni sunan ɗiyar ga."

Malam ya umarce shi ya fita. Aljanin ya ce shi ma ya gaji, amma muddin mutum ɗaya na riƙe, dole wani ya tsaya a wannan gefen. Ko Zunnuraini ya furta saki da bakinsa, ko a ba shi wani a madadinta.

Rabe ya kira ƙanensa a waya. Wannan ƙanen shi ya goya, shi ya yi masa aure. Ya faɗa masa komai, har ya kanga wayar kusa da bakin yarinyar don ya ji nishinta. Daga can Zunnuraini ya amsa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Bari motar ga ta wuce tukuna."

Hasiya ta fashe da kuka. Malam ya riƙe hannun Rabe, ya tuna masa rantsuwarsa, ya ce a ci gaba da addu'a. Rabe ya dubi 'yarsa, ya zare hannunsa a hankali, ya ce wa aljanin ya dawo kansa, inda ya saba.

Mutmainna ta yi atishawa, ta kira innarta da suna, ta nemi ruwa.

Rabe kuwa ya zauna a ƙasa, ɗakin da aljanin ya haɗa shi da ƙanensa a ciki ya buɗe masa kamar da. Ya duba ko zai sami nadama a cikin abin da ƙanensa ya ajiye, ko da ƙwaya ɗaya. Ya tarar Zunnuraini yana jin kukan yarinyar tun ranar farko, kuma yanzu murna yake yi, don idon Yaya ya fi nata sanin hanya.