Koren Haske a Kwallin Cima

Ranar Litinin da hantsi, a shekarar 1997, aka kira Sufeto Aƙilu daga Madawa zuwa wani asibitin mishan. An sace kwalba guda a ɗakin gwaji, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba.

Kaleb, mai kula da ɗakin, ya yi masa bayani. Abin da ke cikin kwalbar wani sinadarin furotin ne da aka samo asalinsa daga wata halittar teku, masana suka sa ƙwayoyin bakteriya suna yin sa. In an haska masa shuɗiyar fitila sai ya ba da koren haske, da shi ake gwada madubin da ake duba ƙwayoyin zazzaɓi a jini. Shekara guda suka yi suna jiransa. Mabuɗi na hannun Kaleb, kuma shugaban asibiti ya ce in kwalba ba ta fito ba, a bakin aikinsa.

Sufeto ya duba firji. Magunguna masu tsada na nan cif, ba a taɓa su ba. Wannan ɓarawo dai bai san kasuwa ba.

"Wa ka taɓa nuna wa hasken?"

Kaleb ya ce babu kowa. Ƙarya ba ta karɓe shi ba ko kaɗan. Da aka matsa, ya amsa cewa ya nuna wa Ɗantala, tsohon mai gadi, don kawai ya ga mamaki. Shi ne kuma yake bar wa mabuɗi ran Lahadi ya ƙara wa firji kananzir, shi yana coci.

Ɗantala ya rantse bai taɓa komai ba sai tankin kananzir. Sufeto bai yi musu ba. Ya sa aka rufe tagogi, aka kunna fitilar, ya ce tsoho ya miƙo hannu. Ƙarƙashin farcensa ya yi kore shar.

Tsoho ya zauna a ƙasa, ya faɗi gaskiya. Matarsa Cima ce ke fama da dundumi, da rana ta faɗi sai an riƙa mata hannu. Ya ga abu mai haske cikin duhu, sai ya zuba mata shi a kwalli.

"Ni niɗ ɗauka, ranka ya daɗe. Yaron ga ba shi da laihi."

Tausayi ya kama Sufeto ƙwarai, amma aiki aiki ne. Ya wanke Kaleb a gaban shugaban, ya sa Ɗantala a mota ba ankwa, suka biya ta gidan tsohon don a kawo Cima likita ya duba idanunta.

A hanya Sufeto ya tambaye ta ko ta ga sauƙi. Ta leƙa baya, ta tabbata mijin ba ya ji, ta rage murya.

"Ko kaɗan, ɗana. Amma na ce mishi ina gani. Kar ka gaya mishi."