Layi Biyu a Masussukar Malam Mainasara

Wata 'yar jar mota, da ba ta fi takalmin babban mutum tsawo ba, ita ta fara yi wa Bara'atu sallama. Tana hanyar kai wa mahaifinta abinci fadama, a bayan garin Wurno, sai ta ji abu ya daki ƙafarta yana kuka kamar ƙudan zuma. Ta daka tsalle, saura kaɗan kwanon tuwo ya kife.

Mai motar ya taho da gudu, riƙe da rimot mai doguwar eriya. Habibullahi ke nan, ɗan garin Maikujera, mai gyaran waya da sola a bakin kasuwa. Haƙuri ya yi ta bayarwa har ya wuce misali, don tun da ya ga fuskarta sauran magana ta ɓace masa.

"Direba, ina lasisinka?" in ji ta. "Haka kaka kaɗe mutane?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Fasinjata.

Motoci biyu gare shi, ja da fara, kuma buri ɗaya: filin tsere miƙaƙƙe, babu kwana, motoci su tashi tare, wadda ta riga kai ƙarshe ta ci. Ya ce mata tun da hanyoyi suka lalace samari sun daina zuwa dam ɗin Goronyo shan iska, sai zaman majalisa ana lissafa waɗanda 'yan bindiga suka ɗauke. Yana so a sami wurin da za a yi dariya. Wurin da ya dace kuwa a bayan gari ɗaya ne, masussukar mahaifinta, Malam Mainasara, wadda ke zaune babu aiki sai kaka.

Malam ya ara masa filin, amma da ya ji zancen 'yarsa ya shigo, sai ya murtuke. Ya ce ƙato da gemu mai wasan yara ba zai riƙe gida ba, ga shi baƙo. Dama akwai Mudathir, ɗan sa-kai, ɗan gari, da ke neman ta. Shi Mudathir 'yan bindiga sun ɗauke yayansa a hanyar Goronyo, har yau babu labari.

Habibullahi ya share fili, ya cike ramuka da jar ƙasa ya daɓe. Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya zana layi biyu da farar ƙasa. A farkon layin ya kafa sanda mai fitila da ɗan faifan sola don ba da alamar tashi, a ƙarshensa ya jera buhunan ƙaiƙayi su tare motoci. In Bara'atu ta dawo daga fadama takan ɗan tsaya, ya miƙa mata rimot ɗin farar. Sau ɗaya batirin ya yi zafi ya tashi da hayaƙi, suka watsa masa ƙasa suna dariya.

Sai aka kai hari wani ƙauye kusa da Tursa, aka ce kafin harin an ga jirgi marar matuƙi yana shawagi. Mudathir ya zo ya dubi masussuka: fararen layuka da za a hango daga sama, sun nufi daji, ga fitila, ga eriya, ga batura naɗe da waya. Ba zan ce kishi bai taimaka ba, amma tsoronsa na gaske ne. Kafin azahar magana ta cika gari cewa Habibullahi infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga labari.

A ƙasar nan, wanda aka kira infoma ba kasafai ake jiran ya gama bayani ba. Bara'atu ta sani. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Direba, don Allah kak ka tai masussuka yau. Ana hwaɗin kai infoma na. Ka tahi Maikujera yanzu yanzu. Tsoro nika ji."

Amsa ta zo: "Fasinjata, in na gudu na tabbatar musu. Kuma ban iya barin garin da kika ciki. Ki yi min addu'a, zuciyata."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, waya a kashe.

Bayan la'asar wata maƙwabciya ta shigo tana salati, ta ce an kama Habibullahi. Bara'atu ba ta san lokacin da ta zura hijabi ba, takalmi ma a zaure ta bar shi.

Ta same shi durƙushe a tsakiyar layukan da ya zana, an ɗaure masa hannu da igiyarsa, leɓensa na jini. Maza sun kewaye shi da sanduna da bindigogi. Motocin da rimot suna gefe a ƙasa, an ba su fili kamar maciji. Yana roƙo a bar shi ya nuna wasa ne. Mudathir ya ce ba za a ba shi rimot ba, maɓalli ɗaya zai danna ya kira mutanensa ko ya tashi wurin da kowa. Mai unguwa ya ce to wani ya gwada. Babu wanda ya motsa. Gaskiyar na nan kwance a gabansu, tsoro ya hana a ɗauke ta, ga masu sanduna suna ta matsowa.

Bara'atu ta san abin da za ta jawo wa kanta. In an ce shi infoma ne, to ita ma ta zama. Ta ratsa maza, ta sunkuya ta ɗauki rimot ɗin farar. Jama'a suka ja da baya, wasu har da faɗuwa.

"Motar wasa ta," ta ce. "Na iya ta. Shi yak koya min."

Wani daga baya ya ce ashe har da ita. Ta ga bakin wata bindiga ya juyo wajenta. Habibullahi ya yi ta roƙon ta ajiye ta tafi gida, hawayen da duka bai fitar ba suka zubo.

A nan Malam Mainasara ya iso, da taɓon fadama a ƙafarsa. Bai ko dubi Habibullahi ba.

"Ɗiyata, kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Ina taka tsayawa?"

Ta nuna masa buhunan ƙaiƙayi. Tsohon ya bi layin a hankali har ƙarshe, ya juyo, ya goya hannuwansa a baya.

"Turo ta. In akwai mugun abu cikinta, ni za ta hwara ishewa."

Bara'atu ta ɗora motar a kan layi. Ta san babu bam, amma ta tuna ranar hayaƙi, kuma motar ta wuni cikin rana. In hayaƙi ya tashi yanzu, ko ɗan kaɗan ne, babu mai tsayawa tambaya. Yatsanta ya ƙi dannawa.

"A hankali, Fasinjata," in ji Habibullahi, can ƙasa-ƙasa.

Ta yi bisimilla ta danna. Motar ta zabura, ta karkata za ta bar layi, Bara'atu ta dawo da ita da ƙyar. Motar ta miƙe da gudu, ta daki ƙafar Malam, ta wuntsila, tayoyinta na juyawa a sama. Babu hayaƙi, babu komai.

Malam ya sunkuya ya ɗauke ta, ya kakkaɓe mata ƙasa, ya ɗaga kowa ya gani.

"Bisa wagga kunka so kashe ɗan mutane?"

Mudathir da kansa ya kwance igiyar, yana kuka yana kiran sunan yayansa. Habibullahi ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yafe.

Malam ya jira har ciwon leɓen ya warke. Sannan ya aika a gaya wa Habibullahi ya turo magabatansa. Ya ce har yanzu wasan bai burge shi ba, amma yaron da ya sami hanyar gudu ya ƙi, zai iya riƙe gida.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kwashe hatsi aka sake zana layuka, samari suka cika masussuka, Mudathir ne mai kunna fitila. Alƙalancin ƙarshen layi kuwa Malam ya riƙe, ya ce babu mai karɓe masa. Amarya tana ɗaki saƙo ya shigo: "Fasinjata, an hwara. Baba ya ce jar ta yi satar tashi." Ta yi dariya har da hawaye.

Ranar da ango ya je gaisuwa, Malam ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Motarka ta kaɗe ɗiyata, ta kaɗe ni. To ga ta nan na ba ka, ka tuƙa a hankali. Allah shi yi muku albarka, shi sa kada ku ƙara ganin tsoro irin na rannan."